Albashi na sauka banki na kwashewa: ta ina zan fara biyan bashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a cikin garin Katsina, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, muna haya a wajen Ƙofar Ƙaura. Abin da ke shiga asusuna a wata N150,000 ne, bayan kofaretif ta cire N18,000 na rancen da ya rage wata biyar in gama. Ina da obadiraf, wato bashin da banki ke bari in ja fiye da abin da ke asusuna, na N90,000 a bankin da ake biyana albashi. Albashi na sauka sai su cire nasu, har da kusan N4,500 na ruwa da caji, ni kuma in sake ja. Na ci N30,000 a wata manhajar waya, yanzu N39,000 suke nema nan da mako biyu. Mai kantin unguwarmu yana bina N46,000, yayan matata kuma N120,000 da ya ranta mini lokacin da aka yi mata tiyata. Kullum ina ba da cefane N2,500. A wata man babur N18,000, wuta da ruwa N9,000, gas da gawayi N9,000, sai N10,000 da nake aika wa mahaifiyata a Daura. Haya N150,000 ce a shekara, kuɗin makarantar yara N20,000 duk zango. Wani abokin aiki ya ce in ci bashin N500,000 in biya kowa in huta. Mece ce shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara wa maiɗakinka lafiya. Zan fara da shawarar abokin aikinka tunda ita ce ke jiran amsa da gaggawa: kada ka ci wannan N500,000 ɗin. Na yi aiki a sashen ba da rance na banki kafin in koma riƙe littafin kofaretif na ma'aikata, kuma na ga ƙarshen irin wannan bashi na "a biya kowa a huta" a takardun mutane da yawa. Wata biyun farko mutum yana barci har da munshari. Kafin shekara ta zagayo ya sake jan obadiraf, ya sake buɗe shafi a littafin mai kanti, ga sabon bashin kuma ana cira daga albashi, domin abin da ya jefa shi bashin tun farko yana nan a gidan ba a taɓa shi ba.

Ɗauko biro mu haɗa. Obadiraf N90,000, manhaja N39,000, mai kanti N46,000, surukinka N120,000, ragowar kofaretif N90,000. Duka N385,000 ke nan. A cikinsu N129,000 ne kaɗai ke haifar ruwa, wato na banki da na manhaja. Sauran N256,000 ko shekara suka yi ba za su ƙaru da kwabo ba. Abin da abokinka ke so ka yi shi ne ka ɗauki bashin da ba ya ƙaruwa ka mai da shi mai ƙaruwa. Mu ɗauka an ba ka N500,000 a kan kashi 3 cikin ɗari a wata, na tsawon wata 24, kuma a kan uwar kuɗin farko ake lissafa ruwan har ƙarshe ko nawa ka riga ka biya, kamar yadda yawancin masu ba ma'aikata rance ke yi. Ruwan kowane wata N15,000 ne. Sau 24 ya zama N360,000. Za ka mayar da N860,000, kusan N35,800 duk wata, wato wajen kashi ɗaya bisa huɗu na albashinka har shekara biyu. N115,000 da za ta yi saura bayan ka sallami kowa kuwa, kai ma ka san ba za ta ga wata na uku ba. Kada kuma ka sa ran samun mai arha. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, kuma a saman wannan ma'auni bankuna ke ɗora nasu, musamman ga rancen da babu jingina a bayansa.

Rance ɗaya ne zan yarda ka ci don biyan wani. Idan kofaretif ɗinku na ba da rancen gaggawa marar ruwa, kuma ta amince ta ƙara maka duk da ba ka gama na farko ba, ka karɓi daidai abin da zai kashe obadiraf, ka rufe shi a rubuce a ranar. Amma yawancin kofaretif ba sa ɗora sabo a kan tsoho, don haka mu yi lissafi kamar babu wannan ƙofar.

Obadiraf ya fi sauran wuyar ganewa domin kowane wata kana biyansa cif, shi ya sa kake jin kamar ba ka da laifi a wurin banki. Gaskiya ne ba ka da laifi, a wurinsu ma kai abokin ciniki ne na gari. Albashi ya sauka, sun cire N90,000 da cajinsu, N55,500 ta rage. Ba za ta kai ka ko tsakiyar wata ba, sai ka sake jan N90,000 ɗin. Halin da kake ciki shi ne na manomin da ya sayar da geronsa tun yana gona: ranar girbi wasu ke zuwa da buhuna. N4,500 a kan N90,000 kashi 5 cikin ɗari ne a wata. A shekara N54,000 ke nan, fiye da rabin uwar kuɗin, kuma uwar kuɗin na nan daram. Saboda haka daga yau ka daina cewa albashinka N150,000 ne. Abin da gidanka ke da iko da shi N145,500 ne. Hukuncin cin bashi da ruwa kuwa ka san shi, malamanmu ba su bar shi a duhu ba. Nawa aikin shi ne in nuna maka hanyar da za ka fi saurin raba kanka da shi.

Yanzu ga inda takardarka ta ba ni mamaki. Abubuwan da ka lissafa na wata, cefane N75,000, mai, wuta da ruwa, gas da gawayi, da na Hajiya, duka N121,000 suka kama. Cire su daga N145,500, saura N24,500. Ina take tafiya? Ba zarginka nake yi ba, kusan duk wanda na taɓa zama da shi haka takardarsa ta farko take fitowa. Mutum yana tuna manyan abubuwa, ya manta katin waya da data, kuɗin taran yara, kuɗin Laraba da na Islamiyya, sabulu da omo, niƙa, Panadol da maganin zazzaɓi, facin taya, gudummawar biki da suna, karo-karon da ake yi a ɗakin malamai idan an yi wa wani haihuwa ko rasuwa, shayi da tsire a majalisa, da ɗari biyun da ake miƙa wa ɗan 'yar'uwa idan ya zo gaisuwa. Har da mai POS: in kullum kana cirar kuɗin cefane a wurinsa yana karɓar N100, a wata N3,000 ka ba shi.

Don haka aikin farko littafi ne, irin na 'yan makaranta mai shafi arba'in. Wata guda cur, duk abin da ya fita a rubuta shi a daren ranar, ko naira hamsin ce. Kada ka yi ƙoƙarin gyara hali a wannan watan don littafin ya yi kyau, so muke mu ga gidan yadda yake. Kuma ba kai kaɗai za ka riƙe shi ba. A nan maza da yawa ke noƙewa, domin mun taso da cewa mace ba ta sanin albashin miji, balle bashinsa. To amma rabin albashinka ta hannunta yake wucewa, ita ta san farashin gwangwanin shinkafa da kwalbar man gyaɗa, ita ta san ranar da ake dafa abin da ya fi bakin gida yawa. Matar da ba ta san ana bin mijinta N385,000 ba, idan ta nemi kuɗin anko ba ta yi laifi ba, kuma idan ka rage cefane ba bayani za ta ɗauka rowa ce ko kuma wata kake nema. A naka lamarin ma yayanta na cikin masu bin ka, ka ga da wuya a ce ba ta san komai ba. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka nuna mata takardar gaba ɗaya, har da na manhajar da kake jin kunyarsa. Kada kuma ka bari zancen ya karkata ya zama kamar jinyarta ce ta jawo.

Abin da ya fi jefa ma'aikaci bashi, a iya abin da na gani, shi ne kuɗaɗen da ba sa zuwa kowane wata. Haya ba ta zuwa ba zato, ka san watanta tun ranar da ka karɓi makulli. Zangon makaranta uku ne, na farkon a Satumba, kuma shi ke zuwa da yunifom da littattafai. Azumi da Sallah suna matsowa da wajen kwana goma sha ɗaya a kowace shekara, tsakanin ƙaramar Sallah da babba kuma wajen kwana saba'in ne kacal, albashi biyu ke nan. Duk da haka sai mu bari su iso sannan mu fara neman wanda zai ranta mana. Naka lissafin: haya N150,000, makaranta N60,000, Sallah biyu ko an matse N60,000. Jimilla N270,000, wato N22,500 a kowane wata. Ɗora ta a kan N121,000, ka ƙara N10,000 na ƙananan abubuwan da ba makawa sai an yi su. Gidanka yana cin N153,500 a wata, kana da N145,500. Giɓin N8,000 ne duk wata, kusan N100,000 a shekara. Wannan giɓin ne ya zama obadiraf, shi ne ya zama littafin mai kanti. Ba almubazzaranci ka yi ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da N200 ta haura N500 a 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta kai dubu, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Albashin malami bai yi wannan gudun ba. Sai dai sanin dalili ba ya cike giɓi.

Ina so ka cike N8,000 ɗin, sannan ka samar da rarar N13,000 a wata, N10,000 ta banki, N3,000 ta mai kanti. Wato sai an motsa N21,000. Ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba.

Mu fara da cefane, amma ba da rage loma ba. N2,500 a rana ga mutum shida ba ta da kitsen da za a yanka. Abin da za a canza shi ne yadda ake sayen. Wanda ke sayen shinkafa gwangwani-gwangwani, mai cokali-cokali, Maggi na hamsin, kuma a kan bashi, shi ya fi kowa sayen tsada a unguwa, kuma ba shi da bakin yin ciniki. Ranar albashi ka ware kuɗin hatsi, mai, gishiri, sabulu da sukari na wata, ka shiga Babbar Kasuwa ko 'Yar Kutungu ka auno da tiya, kuɗi hannu. Na kayan miya da niƙa ka damƙa wa uwargida na mako guda a dunƙule, abin da ta rage nata ne. Ina sa ran N5,000 daga nan, da wata N2,500 daga daina zuwa wurin mai POS kullum. Tunda kana zuwa Daura gaida Hajiya, ka riƙa tambayar farashin gero da wake a can da kasuwar Mai'adua, musamman da kaka. Amma na ci za ka saya, kuma da kuɗinka. Kada wani ya ruɗe ka da cin bashi don ɓoye hatsi har ya yi tsada. Waɗanda suka yi haka da amfanin 2024 da yawansu sun tafka asara da farashi ya faɗo a 2025.

Man babur N18,000 zai iya komawa N13,000 idan babur ya zama na zuwa aiki da kai yara makaranta, a haɗa aike-aike a fita ɗaya, a bar zagayen yamma. N5,000 ke nan. Sallar bana a yi ta da rabin kuɗi: yara su sami ɗinki ɗaya a ƙaramar Sallah su maimaita a babba, kai da maiɗakinka ku fito da na bara. Layya ga mai hali take, kuma malamanmu na Malikiyya sun ce ba a neman ta ga wanda kuɗinta zai ƙuntata masa a buƙatunsa na dole. Mai obadiraf ba ya cikin masu cin bashin rago. Rage kuɗin Sallar ya ba ka N2,500 a wata. Mun sami N15,000. Saura N6,000, kuma a ganina ba daga ragi za ta fito ba, sai an nemo ta. Kai malami ne. Yara biyu ko uku da za ka koya wa lissafi ko Turanci da yamma, ko shirya 'yan WAEC da NECO da JAMB, sun isa su kawo fiye da haka. Duk abin da ya shigo ta nan, ko wani ariyas ko alawus, kada ya kwana a aljihu. Na Hajiya ban taɓa shi ba, kuma ba na so ka taɓa. Gudummawar biki dai a wannan shekarar ka je da ƙafarka, ka yi addu'a, ka ba da abin da ya sawwaƙa. Anko a dakata.

Kuɗin haya da makaranta da Sallah da za ka riƙa warewa, N20,000 a wata bayan an rage na Sallah, kada ka bar su a asusun albashi. A lissafin takarda barinsu a can zai rage maka ruwa, amma a aikace cinye su za ka yi. Ka zuba su a ajiyar kofaretif, ko ka sami mai gidan haya ku daidaita ka riƙa ba shi N12,500 duk wata ko N37,500 duk wata uku, da rasit. Masu gida da yawa sun fi son haka a kan jiran shekara da ba su da tabbas.

To, wa za a fara biya? Manhaja, kuma a cikin wannan mako biyun. N9,000 a kan N30,000 kashi 30 cikin ɗari ne, kuma da ka saɓa rana tara za ta fara hawa. Kasafin wata ba zai cim mata ba, sai dai kadara. Duba gidan: tsohuwar waya, janareton da ba a tayarwa tun da mai ya yi tsada, tunkiya ko akuya in kana da kiwo. Ka sayar ko da an taya da ɗan rauni, asarar N5,000 a ciniki ta fi sauƙi a kan wata guda a hannunsu. In maiɗakinka ta ce a sayar da ɗan kunnenta ko akuyarta, dukiyarta ce, ba taka ba. In ka karɓa rance ne, ka rubuta shi cikin jerin basussuka da ranar biya. Abin da ba za ka yi ba shi ne cin bashi a wata manhaja don biyan wannan. Na ga masu manhaja bakwai a waya ɗaya, kuma dukansu da ɗaya suka fara. Ka biya ta cikin manhajar ko asusun kamfanin, ba asusun wani da ya kira ka a waya ba, ka ɗauki hoton shaidar biya, ka tabbata sun nuna bashin ya mutu, sannan ka goge ta. In suka fara barazanar tura wa mutanen da ke wayarka saƙon ɓatanci, ka adana saƙonnin. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta wajabta wa masu ba da rance ta waya yin rajista tun 2022, tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su, tana kuma karɓar ƙorafi a kan irin wannan cin mutunci. Google ma tun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotunan mutane. Wannan ba ya sauke maka bashin, amma yana nufin ba sai ka yi shiru ana tozarta ka ba.

Sai banki. Obadiraf ba a kashe shi da niyya, da tsani ake sauko da shi. Wannan watan ka ja N80,000 maimakon N90,000, wata mai zuwa N70,000, haka har ƙasa. Kowace N10,000 da ka sauke tana rage maka N500 na ruwa a wata. Amma kada ka dogara da ƙarfin zuciyarka, don ranar 20 ga wata idan gas ya ƙare kuma waya na nuna maka akwai sauran N10,000 da za ka iya ja, za ka ja. Ka je reshenku da kanka, ka nemi jami'in da ke kula da asusunka, ka miƙa takarda kana neman a riƙa rage maka iyakar da N10,000 duk wata, ko a mai da shi rance mai wa'adi da za a riƙa cira kaɗan-kaɗan. Ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In sun zaɓi na biyun, ka tambayi abu ɗaya kafin ka sa hannu: jimillar abin da zan biya daga farko zuwa ƙarshe nawa ne a naira? Kada ka tsaya a kan kashi kaza cikin ɗari. Ka kuma nemi bayanin asusunka na wata shida ka bi shi layi-layi. Jagorar cajin banki da Babban Banki ya fitar, wadda ta fara aiki a Janairun 2020, ta ƙayyade kuɗin gudanar da rance da kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari, tarar jinkiri kuma kashi 1 cikin ɗari a wata na abin da ba a biya ba. In ka ga abin da bai yi maka ba, ka rubuta wa bankin ƙorafi. In ba su warware ba, Babban Banki na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, kuma yana da reshe a nan Katsina.

Wani zai ba ka shawarar ka mayar da albashinka wani banki ka bar su da asusu fanko. Wannan dabarar ta mutu. Tun 1 ga Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke ba banki damar bin lambar BVN ɗinka ya ɗebi abin da yake bin ka daga asusunka na wasu bankuna idan ka gaza biya, kuma yawanci ka riga ka sa hannu a kan amincewar tun ranar karɓar rancen. Ga shi kuma ofishin biyan albashi kan nemi takardar shaidar cewa tsohon bankin ba ya bin ka kafin a canza maka asusu. Abin da ya halatta kuma yake da amfani shi ne, bayan sun cire nasu, ka kwashe kuɗin wata ka raba su gida-gida, ka ajiye katin wancan asusun a akwati.

Mai kanti da surukinka su ne ƙarshe a biya, amma su ne farko a magana. Yawancin mutane akasin haka suke yi: banki da ba ya jin kunyar kowa ana biyansa a kan lokaci, mutumin da ya rufa maka asiri kuma a riƙa canza hanya idan an hango shi. Ka sami mai kanti a kantinsa lokacin da ba mutane, ku buɗe littafin ku tabbatar N46,000 ce, ka ce masa daga yau an ja layi, abin da za ka saya da kuɗi za ka saya, tsohon kuma N3,000 duk ranar albashi. Shi ma jarinsa ne, a wurin dila ya ɗauko, wataƙila shi ma bashi. Ka ci gaba da sayen ƙananan abubuwa a wurinsa, kada ya ga kana wucewa da ledar wani kanti alhali yana bin ka. Surukinka kuma ka je gidansa, kada ka aika maiɗakinka, kada ka yi ta waya. Ka gaya masa gaskiyar lissafin da watan da za ka fara biyansa, ka roƙi ku rubuta. Wasu na ganin rubutu tsakanin dangi rashin yarda ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, aya ta 280 kuma ta umarci mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Rubutun kariya ce gare ku duka idan ta Allah ta kasance. In ya ce shi ma a matse yake, to sai a raba N3,000 ɗin ko a ƙara neman wani abu, domin zumunci da zaman aurenka na cikin wannan bashin.

Ga yadda watannin za su tafi in an riƙe wannan. Wata biyar na farko su ne masu ɗaci, obadiraf ya sauko daga N90,000 zuwa N40,000. A wata na shida kofaretif ta gama, N18,000 ta dawo cikin albashinka. Nan ne tarkon yake, domin za ka ji kamar an yi maka ƙarin albashi, kuma a lokacin ne za a ce ka cancanci sabon rance. Kada N18,000 ɗin ta shiga tukunya. Haɗa ta da N10,000 da N2,500 na ruwan da ka riga ka rage, N30,500 ke nan, obadiraf ya koma N9,500, a wata na bakwai ya mutu. Daga nan kana da N35,500 duk wata. Wata na takwas ka cike wa mai kanti N25,000 da ta rage, sauran duka na surukinka ne, kuma wajen wata na goma sha biyu ka gama da shi. Rashin lafiya ko lalacewar babur na iya tura ka gaba da wata ɗaya ko biyu. In haka ta faru, a wannan watan ka tsaya a matakin da kake, kada dai ka koma sama. Ka kuma bincika ko sunan maiɗakinka da yaran na cikin rajistar hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, don ma'aikata da yawa ana cire musu kuɗin amma ba su taɓa zuwa an yi wa iyalinsu kati ba. Adashe kuwa ka bar shi sai bayan obadiraf ya mutu. Wanda ya karɓi kwasar farko bashi ya ci, wanda ya jira ta ƙarshe kuma yana tara kuɗi ba riba alhali banki na cin kashi 5 a kansa. In kuma abin ya fi ƙarfinka duk da haka, ka sani wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin rukunin mutane takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba a matsayin masu cin zakka, kuma bashin jinya ba abin kunya ba ne a faɗa wa wanda ke fitarwa.

Ranar da obadiraf ya koma sifili, kada ka bar shi a buɗe da sunan ko-ta-kwana. Ka rubuta a rufe shi, ka karɓi takardar shaidar ba a bin ka. Bayan wata biyu ko uku ka nemi rahotonka daga ɗaya daga cikin kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi, CRC, FirstCentral ko CreditRegistry. Dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta ba ka damar karɓar rahoto ɗaya kyauta a shekara. Masu manhaja musamman sukan kai sunan mutum idan ya yi jinkiri, su kuma yi sakacin cirewa bayan ya biya. In ka ga bashin da ka riga ka sauke yana nan a rubuce, ka tura musu hoton shaidar biyan da takardar banki su gyara, don in ka bari, ranar da za ka nemi bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz ko TAJ, su saya maka babur ko kayan gini ta hanyar murabaha, wato su saya su sayar maka da ribar da kuka amince a kai, a kan wannan tsohon layin za a mayar maka da takardunka.